Malam Awo da Shuɗin Fayil

Faɗanmu na farko da Malam Awo a kan bokiti aka yi shi. Satina biyu ke nan da kama aikin shara a ofishin ajiye takardun gidaje da filaye, na shigo ɗakin fayil da safe na dire bokitina kusa da kabad ɗin farko. Ruwa bai zuba ba, ko ɗigo. Sai ga mutum ya taso daga bayan tebur, siriri kamar an zaro shi ta ramin makulli, ya ciro tef ɗin awo daga aljihu, ya durƙusa ya auna daga gindin bokiti zuwa gindin kabad. Sannan ya ɗauko alli ya ja layi a ƙasa.

Ya ce, "Inna, daga yau bokitinki bayan layin nan."

Na ce, "Ɗan nan, ranar da aka haife ka ungozoma ce ta yanke cibiya, ko kai ka auna ka nuna mata inda za ta yanka?"

"Takarda ba ta iya iyo, Inna."

"Ni kuma alli ba ya ba ni umarni."

Wata uku ba mu gaisa ba. In na zo shara sai in kewaye teburinsa in bar masa ƙurarsa, shi kuma ya sayo 'yar tsintsiyarsa ya ɓoye a bayan ƙofa. Abin da ya shirya mu, bututun ruwa ne ya fashe a baranda wata safiya kafin kowa ya zo. Da ya iso a guje ya same ni na kwance mayafina da ɗankwalina na toshe bakin ƙofa, ruwa ya tsaya daidai kan layin allinsa. Bai ce na gode ba, ba ya cikin masu wannan. Shayi ya sayo kofi biyu, ya ajiye nawa a kan teburinsa, cikin layi. Daga ranar muka yi shekara goma sha tara muna shan shayin safe tare, muna cin naman duk wanda ya gifta.

Ɗan kafinta ne. Ubansa bai bar masa gida ba, bai bar masa shago ba, tef ɗin nan kawai ya bar masa, mai gidan tagulla wanda hannu ya goge har ya yi sulɓi. Da shi ya shigo ofishin yana masinja, yana kai fayil bene yana saukowa da shi, har tsohon akawun wurin ya lura yaron nan ba ya taɓa mayar da abu inda ba nan ya ɗauko ba, ya zaunar da shi ya koya masa aiki. Sunan yanka yana da shi, amma ko matarsa in ta leƙo ofis sai ta ce, "Malam Awo yana ciki?" Gidan haya suke, ɗaki biyu. 'Yarsu ɗaya, ta yi aure. Matar ta taɓa gaya mini ko labule za ta saya sai ya bi ta kasuwa da tef, mai shago na ganinsu daga nesa yake fara salati.

Ɗakin da ya yi mulki a ciki yana ƙasan bene, taga ɗaya ce a can sama. Kabad ashirin da huɗu ne na ƙarfe a jere, kowanne durowa huɗu. Durowar nan ba ta da ƙasa, in ka leƙa ciki za ka hango ta ƙarƙashinta. Ƙarfe biyu ne kawai a miƙe, ɗaya dama ɗaya hagu, a kansu ake rataye fayil. Shi fayil ɗin kwali ne mai kauri, a bakinsa an zura siririyar sanda mai ƙugiya a kowane kai. A cikinsa akwai rabe-rabe kamar ɗakunan gida: nan takardar neman fili, nan taswira, nan shaidar mallaka, nan wasiƙu, nan kuma in an je kotu. Kowane ɗaki da harsuna biyu na ƙarfe da ake zura takarda a lanƙwasa. Ni ko harafi ɗaya ban sani ba, amma shekara goma sha tara ina kallo, na san fayil mai rai da wanda ya kusa mutuwa.

Akwai abu guda da Malam Awo ya sani wanda duk benen babu wanda ya sani. Kabad ɗin nan ba na kanti ba ne. Wani mai walda ne ya ƙera su tun kafin a haifi rabin ma'aikatan, kuma ya buɗa ƙarfen rataya fiye da na kanti da faɗin yatsa ɗaya. Saboda haka duk lokacin da za a sayo fayil, Malam Awo da ƙafarsa yake zuwa wajen mai shagon takarda ya sa a kawo masa mai doguwar sanda, ƙugiyar ƙarfe ba ta roba ba, mai ɗinkin ƙyalle a gindi. Ko an kawo ba ya yarda sai ya jarraba. Rabin bulo yake sakawa a cikin guda ɗaya ya rataye shi kwana uku. In ya dawo ya tarar sanda ta yi doro, ya mayar wa mai shago kayansa. Launi ma ba ya wasa da shi: ruwan ƙasa na gidaje, kore na filaye, ja na masu rigima. Shekara talatin da ɗaya, ko takarda ɗaya ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba. Ba shi da mota, ba shi da gida, wannan shi ne abin da ya tara, kuma yana tafe da shi a ƙirji kamar lambar yabo.

Saura wata biyar ya yi ritaya aka turo mana sabon shugaban sashe. Ɗan Turare muka sa masa, don kafin ya sauko bene ƙamshinsa ya riga shi da minti biyu. Yaro ne a kan Malam Awo, takalminsa na ƙyalli, alƙalaminsa koriyar tawada, kuma duk abin da ya tarar a wurin a idonsa tsohon yayi ne. Ni ya fara da ni. Ya ce warin bokitina na tarbar baƙi, daga yau ta ƙofar baya zan riƙa shiga. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, ni ruwan da nake ɗauka datti yake wankewa, ba rufe shi yake ba." Bai gane ba, ko kuma ya yi kamar bai gane ba. Ƙofar baya dai na koma.

Da ya shiga ɗakin fayil ya ga rabin bulo a kan tebur, ya tambayi amfaninsa. Malam Awo ya yi masa bayani tiryan-tiryan, har ya fara maganar mai walda da yatsa ɗaya. Ɗan Turare ya katse shi da dariya.

"Baba, ofis ne nan ko wurin gini? A fitar da wannan. Zan kawo muku fayil na zamani, ku ga yadda duniya ke aiki."

Ya kuwa kawo guda uku don gwaji. Shuɗi ne mai sheƙi, ɗaki shida, ƙugiyar roba, kyau kamar ka lasa. Ranar da ya kawo su Malam Awo ba ya nan, ya kai matarsa asibiti an cire mata haƙori. Ɗan Turare ya tara ƙananan ma'aikata zai nuna musu zamani. Ya buɗe durowar ƙasa ta kabad na goma sha bakwai, ya zaro fayil ɗin da hannunsa ya faɗa a kai, ya kwashe takardun ciki ya jera su a shuɗin, ya rubuta lamba da kwanan wata da koriyar tawadarsa, ya rataye, ya tura durowa da ƙafa. Tsohon kwalin ya jefa a kwandon shara. Aka tafa masa, ya hau bene, ya manta.

Bayan sati biyu mai fayil ɗin ta zo. Matar wani tela ce da ya rasu ya bar mata gida da 'ya'ya uku. Maƙwabcinsu ya ce rabin tsakar gidanta nasa ne, ita kuma ta zo neman taswira ta kai wa alƙali. Malam Awo ya ja durowa, babu. Ya bi fayil ɗai-ɗai da yatsa, babu. Ya duba na sama, ya duba na gefe, ya kwana uku yana bin kabad ashirin da huɗu, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ƙananan ma'aikatan nan da suka tafa, kowa ya sunkuyar da kai ya kama rubutu. Wasu sun manta, wasu sun tuna sun ga ba su da wuyan ɗaukar maganar.

Ɗan Turare bai tsaya neman komai ba. A gaban matar, a gaban masinjoji, a gabana ina riƙe da tsintsiya, ya ce, "Baba, fayil ba ya da ƙafa. Maƙwabcin nan nata, sau nawa kuka gana?"

Na dubi Malam Awo. Na ga hannunsa ya shiga aljihu ya damƙe tef ɗin ubansa.

Kafin a tashi aiki an buga masa takardar tuhuma, cewa ya sayar da fayil. Aka maƙala ta a nasa fayil ɗin na ma'aikaci, wanda shekara talatin da ɗaya babu komai a ɗakinsa na laifi sai ƙura. Aka karɓe makullan ɗakin, aka fito da teburinsa baranda kusa da bayi, aka ce kwamiti zai zauna a kansa sati biyu kafin ranar ritayarsa. In an same shi da laifi, kora ce, ba sallama ba. Magana ta fita waje. Surukinsa ya daina zuwa gaisuwa. Mai shayin bakin ƙofa, wanda ya shekara ashirin yana ce masa Malam, ya fara ce masa "mutumina" yana kanne ido. Matarsa ta ce mini da dare ba ya cin abinci, zama yake yana jan tef yana saki, yana ja yana saki.

Ni na gano fayil ɗin. Tun da aka fitar da shi daga ɗakin sai na ce bari in yi sharar da ya hana ni shekara da shekaru. Na kwanta rub da ciki na zura doguwar tsintsiya ƙarƙashin kabad na goma sha bakwai ta wata 'yar kafa a gefe, na ji ta tokari wani abu. Na kara ido. Shuɗi ne, mai sheƙi, kwance a ƙasa can ciki. Karatu ban iya ba, amma duk ginin nan mutum ɗaya ne ya taɓa shigo da wannan launin. Na janye tsintsiyata a hankali, na fita baranda.

Na ce, "Malam, in na ba ka labari me za ka ba ni?"

Da na gama faɗa masa sai ya zuba wa ƙofar bayi ido. A zuciyarsa yana ganin abin kamar a gabansa aka yi: gajeriyar sanda, ƙugiyar roba ta kama ƙarfe da bakin farce, ƙafa ta tura durowa, nauyin takarda ya ja, fayil ya sulale ta durowa marar ƙasa. Ya so ya miƙe a guje ya ɗauko shi ya manna wa Ɗan Turare a fuska. Sai kuma ya tuna wanda zai ɗauko. In shi ya fito da shi, ko ni da kowa ya san tare muke shan shayi, za a ce tsoro ne ya sa ɓarawo ya dawo da kaya. Wannan ita ce hujjar da ya ba ni, kuma gaskiya ce. Amma na ga wani abu dabam a idonsa, irin kallon da kyanwa ke yi wa rami.

Ya ce, "Inna, kin taɓa shi?"

"Bakin tsintsiya kawai."

"To daga yau kada ki sake share ƙarƙashin kabad ɗin nan. Ki bar masa ƙurarsa."

Na ce, "Wato yau ma layi za ka ja mini."

"Wannan karon ke za ki ji daɗin layin."

Na kuwa ji. Ba zan yi ƙarya ba, duk safiyar da na zagaya ta ƙofar baya da bokitina, tunanin shuɗin nan da ke kwance yana tara ƙura shi ke rage mini nauyin ruwa.

Sati na gaba aka kira taron zaɓen fayil, don Ɗan Turare ya samu izinin sauya na ɗakin gaba ɗaya. Mai shagon takarda ya zo ya baje kaya a tebur: mai ɗaki huɗu, mai ɗaki shida, mai sandar ƙarfe, mai ta roba, dogo, gajere. Ɗan Turare ya sa aka kira Malam Awo daga baranda, don a yi nishaɗi. Ni ina gefe ina goge taga wadda na riga na goge.

Ya ɗaga shuɗin sama ya ce, "Baba, ga wanda na zaɓa. Ko sai mun aika a nemo maka bulo?"

Aka yi dariya. Tef ɗin na aljihun Malam Awo, ina ganin tudunsa. Kalma uku kawai zai faɗa, a auna tukuna, ya ceci ofis ɗin nan daga abin da ke tafe. Shekara talatin da ɗaya bai taɓa barin fayil marar kyau ya shiga ɗakin ba, kuma ya gaya mini daga baya cewa a lokacin ji ya yi kamar ubansa na tsaye a bayansa.

Ya ce, "Yallaɓai ya fi ni sanin zamani."

"Ka ji ko? Ashe baranda na koya wa mutum hankali."

Mai shagon, wanda ya sha mayar da kaya saboda rabin bulo, ya matso kusa da shi ya yi ƙasa da murya. "Malam, ba doguwar sanda kuke ɗauka ba?"

"An karɓe mini makulli, Alhaji. Wanda ke da makulli shi ke da sanda."

Mai shago ya dube shi, ya dubi Ɗan Turare, ya tattara kayansa. Shi ma yana da shuɗi jibge a sito da ya rasa mai saye.

Wata guda ana kwashe takardu daga tsofaffin kwalaye ana zubawa a sababbi. Gida, fili, rigima, duk suka zama shuɗi, ba ka bambance mai lafiya da mai shari'a. In fayil ba kowa a ciki, ƙugiyar na kamawa, har ka ce lafiya lau. Sai an cika ɗaki shida da taswira da wasiƙu, sandar ta fara doro a hankali. Da safe ina shara ni kaɗai a ɗakin sai in ji tim a cikin wani kabad. In tsaya. Can kuma sai wani tim daga ɗaya gefen. In fito baranda in ce wa Malam Awo, "Yau uku suka sauka." Shi kuma ya kurɓi shayi ya ce, "Na goma sha biyu ne ko? Can manyan taswira suke." Ƙananan ma'aikata suka fara kokawa da durowa, in ta ƙi buɗuwa su bar ta su ce wa mai nema ya dawo jibi. Babu mai ƙarfin halin hawa bene ya gaya wa Ɗan Turare zamaninsa na zubewa.

Abu ɗaya ne ya riƙa ɓata mana shayi. Matar tela duk Talata sai ta zo. Bencin masu jira kuwa a baranda yake, dab da teburin Malam Awo. Ta zauna ta ɗora jaka a cinya, ta gaishe shi da ladabi.

"Baba, ni fa ban yarda ka sayar ba. Marigayi ya sha cewa in takarda na hannunka, a kwanta a yi barci."

Ya ce, "Allah ya ji ƙansa."

"Maƙwabcin ya kawo yashi jiya. Ya ce tunda ba ni da taswira, shi zai fara gini."

Malam Awo ya kama gyara takardun da ba su da abin gyara. Tsakanin bencin da take zaune da inda taswirarta ke kwance bai fi taku ashirin ba, ya taɓa aunawa. Talatar da ta biyo ta ce an haƙa tushe. Ta gaba ta ce gini ya kai gwiwa. Kowane zuwa sai ya ce mata, "Ki ƙara haƙuri, 'yata, ranar kwamiti ta kusa." In ta tafi ba ya shan sauran shayinsa. Sau ɗaya na ce masa ko mu san dabarar da za a yi. Ya ce ƙurar ba ta isa ba tukuna. Ni ma ban matsa ba, kada in wanke kaina.

Ranar kwamiti mutum uku suka zo, da babbar darakta a tsakiyarsu, mace mai tabarau wadda ba ta son dogon zance. Ɗan Turare ya yi jawabi a kan amana da tsofaffin ma'aikata masu ganin ofis gadon gidansu ne. Da aka ce Malam Awo ya kare kansa, ya miƙe ya ce ba shi da ta cewa a nan, roƙo ɗaya gare shi, a sauka ɗakin fayil a buɗe kowace durowa darakta ta ga dama.

Aka sauka. Ni dama ina can da tsumma a hannu. Darakta ta nuna kabad na biyar. Masinja ya ja durowa ta biyu, ta cije. Ya sa ƙafa ya finciko, sai ga fayil sun zubo daga ta sama sun cushe, taswira ta yage gida biyu, harsunan ƙarfe sun tsaga wasiƙu. Ta nuna na tara, haka. Na goma sha biyu ma ƙin buɗuwa ya yi sam. Ƙamshin turare ya gauraya da gumi.

Ɗan Turare ya ce, "Ranki ya daɗe, ma'aikata ne ba su iya rataya ba."

Sai a lokacin Malam Awo ya ciro tef. Ya auna tsakanin ƙarfe da ƙarfe, ya riƙe wurin da farce ya nuna wa darakta. Ya auna sandar shuɗin fayil, ya nuna mata. Sannan ya sa yatsansa ɗaya a tsakanin awon biyu, ya cika wurin cif.

Ta ce, "Kai ka san da wannan?"

"Ranar da Yallaɓai ya fara zuwa na soma gaya masa, ya ce ofis ne nan ba wurin gini ba. Ranki ya daɗe, a cire durowar ƙasa ta goma sha bakwai gaba ɗaya. Ni ba zan taɓa ba."

Masinjoji biyu suka ciccibo ta waje. A ƙasa akwai sababbin faɗuwa guda huɗu, suna sheƙi. Da aka ɗauke su, ga wani a ƙarƙashi, ƙura ta rufe shi har shuɗin ya koma toka, gizo-gizo ya saƙa daga ƙugiyarsa zuwa bango. Darakta da kanta ta sunkuya ta ɗauka, ta goge goshin fayil ɗin da babban yatsa. Koriyar tawada ta fito, da lamba, da kwanan wata. Ta tambayi inda Malam Awo yake a wannan ranar. Wata ƙaramar ma'aikaciya, cikin waɗanda suka tafa, ta ce a hankali, "Yana asibiti. Oga ne ya rataye shi, muna wurin."

Darakta ta juya ta dubi alƙalamin da ke maƙale a aljihun Ɗan Turare. Shi ma ya sunkuya ya dube shi kamar yau ya fara ganinsa. Ni kuwa na matsa kusa na ce, "Ranka ya daɗe, in kawo bokiti? Na ga wurin na son wanki." Daɗin da na ji a ranar, ko auren fari ban ji irinsa ba.

Aka mayar da Ɗan Turare sito, can bayan gini, inda ake tara karyayyun kujeru. Hanyar wurin ɗaya ce, ta ƙofar baya, kullum da safe muna haɗuwa ina ba shi hanya da ladabi. Takardar tuhuma kuma darakta ta sa aka kawo fayil ɗin Malam Awo, ta buɗe harsunan ƙarfen ta zare ta a gaban kowa ta yaga. Aka mayar masa da makullai. Sati biyun da suka rage masa ya yi su ne yana zaɓen fayil: doguwar sanda, ƙugiyar ƙarfe, ruwan ƙasa da kore da ja, rabin bulo ya dawo kan tebur. Mai shayi ya koma ce masa Malam. Suruki ya zo gaisuwa da ledar lemo.

Matar tela ta zo ranar Talata aka miƙa mata taswirarta. Ta yi godiya har ƙasa, ta ce dama ta faɗa. Sannan ta ce ginin maƙwabci ya riga ya kai rufi, ya cinye wurin da keken ɗinkin marigayi yake, kuma alƙali ya ce rushe ginin da ya tsaya ba kamar hana tushe ba ne, sai an sake zama, sai an kawo mai awo ya shaida. Ta rungume fayil ɗin ta tafi. Ba ta tambayi tun yaushe muka sani ba, don bai zo mata a rai akwai abin tambaya ba.

Malam Awo bai daɗe ba bayan ritaya suka koma garin da 'yarsu take, ban sake sa shi a ido ba. Rabuwarmu a bakin ɗakin fayil aka yi ta, ranarsa ta ƙarshe, bayan an gama jawabai an ba shi agogon bango. Ya tsaya a kan tsohon layin allin nan da ya shekara goma sha tara yana sabuntawa, ya ciro tef ɗin ubansa ya miƙo mini.

Ya ce, "Inna, riƙe wannan. Ni na gama awo."

Na mayar masa da hannunsa na ce, "Ba ka gama ba. Ɗan Turare dai ko gobe aka sake, da ni za a yi, har in ƙara masa ƙura da hannuna. Amma sunan nan naka da aka wanke, da tsakar gidan marayu aka wanke shi, ni na riƙe bokitin. Ka ɗauki tef ɗinka ka je gidan matar nan, ka auna abin da bango ya ci tun daga ranar da na gaya maka, ka kai wa alƙali da bakinka. In ta tambaye ka tun yaushe ka sani, kada ka rage ko yatsa ɗaya."